Gidan Sajan a Tsohon Kabad

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni na tuƙa mota har Cobar na ɗauko shi daga asibiti, na kawo shi gidana a Ballarat. Ban tambaye shi ko yana so ba. Likita ta ce ba zai iya zama shi kaɗai ba, ƙanena yana can Perth da tarin 'ya'ya, mahaifiyarmu kuma ta daɗe da rasuwa. To wa ya rage in ba ni ba? Na kulle gidansa, na zuba kayansa a but ɗin mota, muka kamo hanya.

Sunansa Clem Harrigan. Tun yana saurayi shinge yake kafawa a gonakin tumaki, ya haƙa rami, ya kafa dirka, ya ja waya har inda ido ba ya kaiwa. Mutum ne da bai san zama ba. Yanzu ga hannun dama ya zama kamar na aro, ƙafa tana ja, magana kuma in ta fito sai ta fito a murɗe. Da ya ga mutane suna cewa "Na'am? Me ka ce?" sai ya daina maganar gaba ɗaya. A watan Mayu muka iso, farkon hunturu a ƙasarmu, sanyi ya fara kama gari. Ya samu kujera a ɗakin baya kusa da hitar ɗumama ɗaki, ya ɗora bargo a gwiwa, ya zuba wa taga ido. Matar da asibiti ke turowa don ta koya masa motsa hannu ta bar masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado, kuma babu wanda ya nemi a ciro shi.

Ana cikin haka maƙwabciyata Tessa Borg ta samu aikin jinya a Hobart, can tsibirin Tasmania. Ana saura kwanaki ta tashi ta shigo min kicin da wata babbar robar zuba kaya a hannu, idonta jawur.

"Noelene, ki rufa min asiri. Ba sa yarda a shiga da shi Tasmania. Na tambayi kowa, kowa ya ce a'a."

Na leƙa robar. Ƙadangare ne mai gemu, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, launinsa kamar na busasshiyar ciyawa. Ya ɗago kai ya dube ni da ido ɗaya, ya gyaɗa kai da ƙarfi kamar mai ba da umarni a fareti.

"Sajan ke nan," in ji Tessa. "Ba ya cizo, ba ya kuka, ba ya son a fita da shi yawo. Akwatinsa na gilashi ne ya tsage jiya da masu kwasar kaya suka ɗaga. Sai dai ki sayi wani."

Ban san abin da ya sa na ce to ba. Wataƙila don ita kaɗai ce take shigowa ta zauna da Baba ranar da aiki ya riƙe ni. Ta taimaka min aka mayar da takardar izininsa da sunana, ta bar min fitilunsa da abincinsa, ta yi min bayani mai tsawo wanda rabinsa ya bi iska, ta tafi.

Mijina Bryce direban bas ne. Da ya dawo ya tarar da robar a ɗakin wanki da fitila a rataye a kanta, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Wannan kuma daga wane ɓangaren danginku ya fito?"

"Daga naku. Dubi gemun."

"Yana cin me?"

"Gyare da kyankyaso da ganye."

"Kyankyaso. A gidana. Wanda za a sayo da gangan." Ya girgiza kai ya buɗe firij.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga makarantar da nake dafa wa yara abinci, ban tarar da Baba a kujerarsa ba. Can na same shi a ƙofar ɗakin wanki, ya dogara da sandarsa, yana kallon cikin robar. Sajan ya lafe a ƙarƙashin fitila, ya yi baƙi, ya baje cikinsa kamar faifai.

"Wa ya sa shi a bokiti?"

Maganar ta fito a murɗe, amma na ji kowace kalma. Rabon da ya haɗa kalmomi biyar a jere tun yana asibiti.

Na ce na ɗan lokaci ne, ranar Asabar zan sayo masa akwatin gilashi.

"Sake shi."

"Ina zan sake shi, Baba? A garejin wani mutum a Geelong aka ƙyanƙyashe shi. Bai taɓa ganin jar ƙasa ba. In na ajiye shi a bayan gida, raɓar da ke daskarewa da safe ce za ta kashe shi kafin magen maƙwabta ta gan shi."

Ya ƙura wa dabbar ido. Sannan a hankali, yana tsayawa yana neman kalma, ya gaya min cewa ya san irinsu tun kafin a haife ni. Da hantsi suna hawa kan dirkar shinge su zauna, kowace dirka da maigidanta, in ka matso su kumbura gemu su buɗe maka baki rawaya. Ya ce gilashi na kifi ne. A wannan gidan nawa mai sanyi kamar firij, gilashi zai zubar da zafin duka. Katako ake so.

"To wa zai ƙera?" na ce.

Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da yake wa sabon lebura.

A garejinmu akwai wani dogon kabad na ajiye kwanuka, na mahaifiyar Bryce. Tun da ta rasu yake can, gwangwanayen fenti a kansa. Baba ya sa na ja shi tsakiyar gareji, ya ƙwanƙwasa shi da sanda ta ko'ina, ya ce zai yi. Tsawonsa ya kusa tsayin mutum, zurfinsa ya isa ƙadangare ya juya ba tare da wutsiya ta taɓa bango ba.

Bryce ya ce, "Clem, kabad ɗin uwata ne fa. Nan take ajiye farantan Kirsimeti."

"Farantan suna ina?"

"Mun bayar."

"To."

Daga nan aka fara. Kullum in na dawo da rana, na ci abin da zan ci a tsaye, in sa wa Baba kwat da hula, in kai masa kujera gareji. Shi ne baki, ni ce hannu. Muka cire ƙofofin, muka fasa allunan da suka raba cikin, muka huda ramukan shan iska, na ƙasa a gefe ɗaya, na sama a ɗaya gefen, muka rufe su da raga. Ban taɓa riƙe zarto ba sai lokacin. Duk yankan da na yi sai ya karkace, shi kuwa yana zaune yana huci.

"Bi layi."

"Layin nake bi!"

"Wane layin? Na gidan maƙwabta?"

Ran nan aka zo yanka katakon da zai tare ƙasa a gaba, kada yashi ya zubo. Na lalata na farko, na lalata na biyu. Baba ya miƙe, ya fizge zarton da hannun hagu, ya danne katakon da gwiwa. Zarton ya yi tsalle, katakon ya zame, shi kuma ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan buhun takin lambu. Na ruga zan ɗaga shi, ya ture hannuna. Ya daɗe a wurin yana numfashi, fuskarsa a juye. Da ƙyar ya yarda na kama shi. Ya koma ɗakinsa, ranar ko shayi bai sha ba, washegari ma bai fito ba.

Ni ma ban matsa masa ba. Na shiga gareji ni kaɗai na zauna a kujerarsa ina kallon kabad ɗin da muka farke wa ciki. Abin da na tuna shi ne ina yarinya, in ya dawo daga daji, yakan ɗaga ni da hannun daman nan guda ya ɗora ni a kan motarsa. Ban taɓa ganin wani abu ya gagari hannun ba. Na gane cewa ni tun watanni nake kallon abin da ya same shi, shi kuwa sai a kan buhun takin nan ya gani da idonsa.

Bryce ne ya kawo mafita. Ya aro ƙarafan matse katako guda biyu a wurin wani abokin aikinsa, ya ajiye a kan teburin gareji. Na ɗauki ɗaya na kai wa Baba ɗaki na ɗora masa a cinya. Ya jujjuya shi, ya gwada murɗa shi da hagu, ya ga yana murɗuwa. Da rana sai ga shi ya fito da kansa, har ya sa hular. Daga ranar shi ke matse katako, shi ke ja layi da fensir, ya matsa wani miƙaƙƙen katako a gefen layin don zartona ya jingina da shi. Yanka ya fara fita sak.

Muka shafe cikin da fentin da ke hana ruwa shiga katako, muka bar shi a buɗe har warin ya fita. Wani mai yanka gilashi ya yanko mana guda biyu masu zamewa a kan layi. Sai aka zo maganar zafi, nan kuma muka sake saɓawa.

Baba yana da wani ƙyallen lantarki da yake ɗumama bayansa da shi. Ya ce a shimfiɗa shi a ƙasa, a ɗora faffaɗan dutse a kai, shi ke nan. Na ce Tessa ta ja min kunne a kan wannan: ta sama suke jin zafi, cikinsu ba ya ji sosai, sai ya ƙone yana kwance bai sani ba.

"Tessa ta taɓa ganinsu a kan kwalta da la'asar? Kwance suke, ciki a ƙasa."

"Kwalta tana hucewa, Baba. Wannan ba ya hucewa."

Ya ce a gwada. Muka jona ƙyallen, muka ɗora dutsen, muka ci gaba da wani aikin. Can da yamma ya tashi zai duba ragar gefe, ya dafa dutsen da hannun dama don kada ya faɗi, ya tsaya a haka yana min bayanin yadda zan ƙara ƙusa. Ni ce na lura. Na fizge hannun, tafin ya yi ja. Na taɓa dutsen da nawa, ban iya barin yatsa a kai ba.

Na kai shi famfo na sakar masa ruwan sanyi. Yana tsaye yana kallon tafin hannunsa kamar na wani.

"Ko kaɗan ban ji ba," ya ce. Can kuma ya ce, "Cire ƙyallen."

Sai muka koma kan fitila. Na ɗaura ƙwan zafi a rufin kabad ɗin, na sa masa kejin waya don kada Sajan ya taɓa shi, na jona shi da 'yar na'urar da ke rage wuta in zafi ya wuce kima. Na kuma ɗaura doguwar fitilar nan mai hasken da ke maye masa gurbin rana, wadda in babu ita ƙashinsa zai yi laushi. A tsakiya na sa ƙwan zafin, don a ganina adalci ke nan, ko'ina ya samu. Muka shigo da kabad ɗin ɗakin baya kusa da kujerar Baba, muka saka Sajan.

Bai ji daɗi ba. Ya buɗe baki, ya bi gilashi yana karta, ya je wannan kusurwa ya dawo waccan. Na ce baƙunta ce. Baba ya kalle shi yini guda, sannan ya ce, "Ba shi da inda zai gudu."

"Gudu daga me?"

"Daga rana. Kin sa masa azahar ko'ina. A daji in ya gasu sai ya sauka ya shiga inuwa. Mayar da fitilar ƙarshe."

Na kwance na mayar da ita can gefen hagu. Muka sa ma'aunin zafi a kowane gefe. Ƙarƙashin fitila ya tsaya wajen digiri arba'in, ɗaya gefen kuma ashirin da 'yan kai. Na kifa masa ɓawon itace a gefen sanyin ya zama ɗaki. Kafin yamma ya daina kartar gilashi.

Amma Baba bai gamsu ba. Ya ce dutsen da na sa a ƙarƙashin fitilar na lambu ne, ba wurin zaman namiji ba ne. Dirka ake so, ta itacen gidji mai tauri na dajinsu, wadda rana ta gasa shekara da shekaru. Na ce a Ballarat ina zan samo gidji? Ya ce Alf yana da su jibge a bayan gida.

Alf Quilty abokin aikinsa ne tun suna samari. Tun da Baba ya kwanta Alf ke bugo waya, Baba yana girgiza min kai in ce yana barci. Ranar nan da hantsi, ranar Lahadi, ya ce in buga masa. Na buga na sa a lasifika na ajiye a kan bargonsa.

"Alf. Clem ne."

"Wa?"

"Clem."

Na ga muƙamuƙin Baba ya ɗaure.

"Clem! Kai tsohon banza, tun da safe ka fara sha? Ko haƙoran robar ne ka manta a kofi?"

Baba ya yi wata irin dariya da rabin baki, har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Bakin ne ya karkace."

"Da can a miƙe yake? Shekara nawa ina fama da kai ban gane abin da kake faɗa ba. Me kake so?"

"Dirka. Guntuwa. Ta ƙadangare."

"Ta me?"

Na bar su na koma kicin. Sun fi awa suna yi. Rabin maganar Baba Alf bai ji ba, kuma bai dame shi ba, in bai gane ba sai ya ƙirƙiro tasa ya amsa.

Bayan mako biyu wani direban babbar motar dakon tumaki ya tsaya a bakin titinmu ya sauke mana buhu. A ciki akwai guntuwar dirka, toka-toka, mai nauyi kamar ƙarfe, har da ramin da waya ta bi. Sauran buhun kuma jar ƙasa ce, wadda ba wanda ya roƙa. Na ce sai na gasa su a obin tukuna saboda ƙwari. Da suka ɗauki zafi sai gidan gaba ɗaya ya cika da ƙamshin nan na ƙasar da rana ta daka, da ɗan warin itacen. Ina tsaye a kicin sai na ji ni a bayan motar Baba ina da shekara bakwai. Na leƙa ɗakin baya. Ya rufe ido, hancinsa a sama.

Muka zuba ƙasar, muka jingina dirkar a karkace a ƙarƙashin fitila, muka ɗaure ta da sukuru ta baya. Da safe fitila na kamawa Sajan ya fito daga ɓawonsa, ya hau har ƙarshenta, ya baje. Da ya gasu ya ɗaga kai ya gyaɗa wa Baba.

"Ka ga mutum," in ji Baba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi. Baba ya karɓi ciyarwa. Yakan yanka kabewa da ganye da hagu, a hankali, ya barbaɗa wa gyare farin garin ƙarfin ƙashi, ya riƙa miƙa su ɗaya ɗaya. Wani lokaci yakan sa hannun daman ya danne kwanon. Bryce, mai cewa ba za a kawo kyankyaso gidansa ba, shi ke biyawa ya sayo su in ya tashi aiki, har yana zaɓen masu ƙiba.

Sai a tsakiyar Yuli Sajan ya daina ci. Ya bar dirkar, ya shige ƙarƙashin ɓawon a gefen sanyi, ya tona ƙasa ya kwanta. In na ɗago shi sai ya buɗe ido da ƙyar ya mayar. Hankalina ya tashi. Na ƙara zafi, na riƙa ciro shi ina ɗora shi a ƙarƙashin fitila, ina juya baya ya koma.

"Ƙyale shi," in ji Baba. "Barci yake. Duk hunturu haka suke, ba ka ganin ko ɗaya a shinge."

"In kuma ciwo ne fa? Kai ma ranar da abin ya same ka ai cewa ka yi gajiya ce."

Na naɗe Sajan a tawul na kai shi wurin likitar dabbobi. Ta auna shi, ta duba bakinsa, ta latsa cikinsa, ta ce lafiyarsa ƙalau, barcin hunturu ne, yana iya kaiwa wata biyu ko fi. Amma akwai sauran abinci a cikinsa, kada a rage zafi sai ya yi kashi, in ba haka ba abincin zai ruɓe a ciki. Bayan nan a riƙa rage fitila kaɗan kaɗan, a ajiye masa ruwa, a bar shi.

Na gaya wa Baba. Ya ce na farkon ya sani, na biyun bai sani ba. Muka jira, Sajan ya yi abin da ake jira, Bryce ya ce bai taɓa ganin gidan da ake murna da irin wannan ba. Muka rage fitilun har muka kashe.

Ɗakin baya ya koma shiru. Babu kabewar yankawa, babu abin kallo sai jar ƙasa da dirka. Na zaci Baba zai koma wa tagarsa, amma ba haka aka yi ba. Kullum yana waya da Alf, yana tafiya da sandarsa har bakin titi ya dawo, ya fara aske gemunsa da kansa. Na yi ta murna, ban san inda abin ya dosa ba.

Wata Asabar da rana ina ninke kaya a ɗakinsa ya ce, "Nolly, zauna."

Haka yake kirana tun ina yarinya. Na zauna a bakin gado.

"Ina so in koma gida."

"Nan ma gida ne."

"Gidanki ne. Kin kyauta min, ke da Bryce. Amma ni ba a garejin Geelong aka ƙyanƙyashe ni ba."

Na ce ba abin dariya ba ne. Wa zai dafa masa? Wa zai ɗaga shi in ya faɗi? Matakalar gidansa fa? Ya bar ni na gama. Sannan ya ce ba gidansa yake nufi ba, ya san wannan ya wuce. Akwai gidan kula da tsofaffi a Cobar, Alf ya tambayo masa, za a samu ɗaki kafin bazara. Rabin mutanen da ke ciki ya san su, wasu ya yi musu shinge, wata ma ya taɓa nemanta kafin ya haɗu da mahaifiyata.

"Wato ka gama shirinka da Alf, ni ce ta ƙarshen ji."

"Ke ma da kika ɗauko ni ba ki tambaye ni ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Na tashi na fita da kayan a hannu, na shiga gareji na yi kukana. Abin da ya fi ci min rai shi ne na san da bai samu sauƙi ba, da ba zai iya neman tafiya ba. Ni na yi ta addu'ar ya miƙe, ga shi ya miƙe, kuma inda ya fuskanta ba wurina ba ne. Bryce ya same ni a can, ya zauna a kan buhun takin, ya ce, "Kin san a nan ba ya ko iya zama a waje. Mutumin da ya yi rayuwarsa a rana." Na ce ya yi min shiru. Ya yi shirun, amma bai tashi ba.

Ban amince a ranar ba, ban kuma amince a makon ba. Sai da na buga waya gidan tsofaffin, na yi magana da shugabar masu jinyar, na yi wa ƙanena faɗan da ba shi ya jawo ba. A ƙarshen Satumba muka kai shi. Tun daga Hillston, wani gari a kan hanya, ya sa aka sauke gilashin mota. Ɗakin ƙarami ne, amma ƙofarsa tana buɗewa kan baranda mai kallon fili. Alf yana can yana jiranmu, ya tsufa fiye da yadda na zata, ya rungume Baba yana zaginsa. Kafin mu gama shigar da kaya wasu tsofaffi biyu sun jawo kujeru. Da zan tafi Baba ya riƙe ni da hannun hagu, ya daɗe bai saki ba. Ya ce in kunna wa Sajan fitila in na koma, lokaci ya yi, amma kaɗan kaɗan.

Haka na yi. Kwanaki suka wuce ba motsi, har na fara sa yatsa a gefen cikinsa in ji ko yana numfashi. Ran nan na dawo daga aiki na shiga ɗakin baya don in buɗe taga, sai na gan shi a kan dirka, ya rame kaɗan, jar ƙasa a kansa, yana kallona da ido ɗaya kamar ni ce na makara.

Ko jakata ban ajiye ba na buga wa Baba. Wayar ta daɗe tana ƙara. Da ya ɗauka sai na ji hayaniya a bayansa, rediyo yana ta ihun tseren dawaki, wani yana buga tebur.

"Baba, ya tashi! Yana kan dirka!"

"Wa?"

"Sajan!"

"Madalla. Ba shi ruwa tukuna, kada ki cika shi da abinci." Sai na ji ya juya yana ce wa wani, "Ƙarya kake, dokin nan ko keke ba zai wuce ba." Ya dawo kaina. "Nolly, ana tsere. Kira ni an jima."

Ya kashe. Na tsaya da waya a hannu a tsakiyar ɗakin, ban san ko haushi nake ji ko daɗi ba. Na ajiye jakar, na canza ruwan kwanon, na tafi kicin na ɗauko kabewa da wuƙa.